Shafin da Ya Maƙale a Inji

Ga ta a shagon fotokofi, doguwa, tabarau a goshi. Da gani ta haura arba'in, kuma ta sha surutun dangi kafin ta kai ga digirin digirgir a fannin kiɗa. Saura rabin awa ta gabatar wa malamai kiɗan da ta tsara, mai shago ya cakuɗa mata shafukan.

"Yaya, rubutun naki kamar tururuwa a kan layi, wa ya san farkonsa?"

Ji rashin ta ido! Ita kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Tana rerawa ƙasa-ƙasa, ƙafa na bugun ƙasa, tana jera takardun, fuskarta sai walƙiya take. Can ta tsaya cak.

"Ƙanena, shafin amshi ya ɓace a nan. Ɗaga murfin injinka."

Ga shi kuwa kwance a kan gilashi!