Dardumar Bukhara da aka yanka uku

Mahaifina ya zo da dardumar daga Makka. Ya saye ta a hannun wani tsoho mutumin Bukhara, can ƙasar Uzbekistan. Da ɗan Larabci da nunin hannu suka fahimci juna, amma abin da tsohon ya faɗa masa bai manta ba, mu ma bai bari mun manta ba. Mata ne ke saƙa ta da gashin tumakinsu. Jan da saiwar wani tsiro ake rina shi, rawayan da ɓawon rumman. Ƙulli ne ɗaya bayan ɗaya, kowanne riƙe da maƙwabcinsa. Uwa kan ɗaura zaren tun 'yarta tana ƙarama, don ta tafi da ita ɗakin miji.

A gidanmu na Wuro Hausa dardumar tana da doka. Da farko a cire takalmi. Sannan a share ta ta inda gashin ya kwanta. Bayan damina a kai ta inuwa, a kife, a kakkaɓe. Sabulu bai taɓa hawa kanta ba. Da ciwon Baba ya yi nauyi ya ce kada a sa ta cikin rabon gado, a ajiye wa babbar 'yata, kamar yadda masu ita suke yi. Bayan rasuwarsa na naɗe ta da ganyen darbejiya saboda asu, na jingine a ɗakinsa.

Sai shekarar gudun hijira ta zo. Goggonmu ta iso daga Mubi da surukanta da jikoki, babu ko kallabin canji. Lokacin ina aikin sito a Ngurore, sai ƙarshen mako nake zuwa gida. Da na shigo, na ga jan dardumar a ɗakin Baba, na sake ganinsa a ɗakin baƙi, na kuma ganinsa a ɗakin da ke kusa da kicin.

Na kira ƙanena. "Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Hamma," in ji shi, don haka ake kiran babban wa a wajenmu. "Ɗaki uku, darduma ɗaya. Ko so kake Goggo ta kwana a siminti, kafet kuma ya kwana a naɗe kamar amarya?"

"Ka tambaye ni?"

"Wayarka ba ta shiga. Ai a kasuwar Jimeta ma haka ake yanka shi yadi-yadi, ban ga wanda ya mutu ba."

Kafin in amsa Goggo ta leƙo. "Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana. Tun da muka fito sai jiya bayana ya huta." Ɗanta na fari a hanya suka baro shi, ba su ma samu binne shi ba. A gaban wannan mata zan yi kukan darduma? Na ce amin.

Kafet na kasuwa ana yanka shi ya zauna lafiya, don gam ke riƙe da shi. Wannan kuwa da reza ta bi ta kan zaren, sai ƙulli suka fara zubewa daga baki. Yara suka gano zaren yana jawuwa, suka yi igiyar wasa da shi. Na kai wa tela, allurarsa ta karye. Na kai wa mai ɗinkin takalmi, ya ɗame gefen da baƙin zare. Kafin Goggo ta koma, biyu sun ƙare, na ukun bai kai sallaya ba.

Bara 'yata ta yi aure. Ƙanena ne ya sayi kafet ɗin ɗakinta, yana nuna wa mutane cewa ya fi na Baba faɗi. Ni kuma na ba ta guntun, na zaunar da ita na faɗa mata komai bi da bi: tsohon, rinin, ƙullin, wasiyyar kakanta. Ta ce, "To, Baba, na gode."

Da na kai mata ziyara a unguwar Makama, a bakin ƙofa na sami guntun, ana goge ƙafa. Na cire takalmina kamar yadda aka koya mini, na tsallake shi na shiga.