Burul Ta Je Issik-Kul Ba Ta Taɓa Ruwa Ba

Dangin mijin Burul sun ɗauko ta tun daga Talas, suka kai ta bakin tafkin Issik-Kul, suka hana ta tsoma ko da yatsar ƙafa a ciki.

Shekarunta arba'in da bakwai. Aikinta tsintar wake a wani sito da ke bayan kasuwa, zaune kan guntun benci tun safe har la'asar, har gwiwoyinta suka kumbura, tashi ma sai ta dafa bango. Likita ya ce ta binne su cikin yashi mai zafi, ta kuma shiga ruwan gishirin tafkin. Shi ya sa da aka sa ranar tafiyar hutu ta ɗinka doguwar rigar shiga ruwa, don ba za ta tsaya gaban yayyen miji ƙwauri a waje ba.

Sai dai Burul matar auta ce. Ita ce kelin, surukar da ke zuba shayi da wanke tukunya, kuma ba a sauka daga wannan matsayi sai ɗanki ya yi aure ya kawo miki madadi. Ita kuwa 'ya'ya mata uku Allah ya ba ta, duk suna gidajen mazansu suna zuba wa wasu shayi. Ga furfura ta fito, amma har yau in uwar miji ta yi gyaran murya sai ta miƙe.

Kwana biyu suka yi suna gaishe-gaishen dangi a hanya, aka ware wa tafkin yini guda. Da hantsi suka isa garin Colpon-Ata da ke bakin tafkin, mota biyu. Ba a gama sauke kaya a masauki ba, uwar mijin, tsohuwa Toktobubu, ta ce a yanka rago a gode wa Allah da ya tsallakar da su duwatsu lafiya. Maza suka yanka, suka feɗe, suka wanke hannu, su da matan za su kallon wasu duwatsu masu tsohon zanen awaki.

Faccalarta Kalica, matar babban wa, ta turo mata kwanon kayan ciki da ƙafa.

"Kelin, hanjin nan a wanke shi da kyau. Kin san hancin Inna."

"Yaya, da kin kama mini, ai da mun gama da wuri."

"Ni? Na yi nawa shekara goma kafin a kawo ki. Ruwan guduwa zai yi?"

Burul ta tare mijinta Jirgalbek a bakin mota, ta yi ƙasa da murya. "Baban Aizada, rabin awa kawai nake so."

"Ke dai ɗora naman. Muna dawowa ni zan kai ki da kaina."

Tsakaninta da ruwan bai fi taki ɗari uku ba, katanga ce ta tare. Tana jin ihun masu wanka da kiran masu tallar ƙyafaffen kifi. Ta wanke hanji a tsugune, ta hura wuta, ta dafa nama awa uku, ta murza fulawa ta yanka sirara kamar taliya.

Sai bayan azahar suka dawo. Ashe daga wajen duwatsun, tafki suka wuce wanka. Fata ta yi jajir, gashi duk yashi. Kalica, wadda ko ciwon kai ba ta yi, tana ba da labarin yadda yashin ya gasa mata ƙafa.

Aka raba nama bisa girma: kai ga babban wa, kitsen wutsiya ga tsohuwa. Burul tana bakin ƙofa da butar shayi. Kaɗan-kaɗan ake zubawa a ƙasan kofi, don cika kofi korar mutum ne, saboda haka kofi goma sha ɗaya suna zuwa suna komawa, ba ta samu zama ba.

Tana kife tukunyar ƙarshe ta shige ɗaki ta zura rigarta. Fitowar da za ta yi, ta tarar an ɗaure kaya a kan mota. Babban wa yana duba agogo, wai gobe yana da aiki a Bishkek.

Jirgalbek ya kawar da kai. "Sai baɗi, in Allah ya kai mu."

"Wannan kwalliyar fa?" in ji tsohuwar. "Ni da nake kelin, ko kasuwa ban san hanyarta ba. Shiga mota."

Burul ta shiga. Kelin ba ta mayar da magana. Aka ɗora mata kwanon sauran nama a kan gwiwoyin nan, tafkin yana wucewa ta taga har ya ɓace.

Jirgalbek, kai ka yi alkawari, kuma kai ka kawar da kai. Ku kuma yayyensa, kun ci, kun yi gyatsa, babu wanda ya tambayi wadda ta dafa ko ta ga abin da aka zo gani. Daga tsakiyar Satumba tafkin zai yi sanyi, saura mako uku. Ka zuba mai a mota, ka ɗauki matarka ita kaɗai, ka kai ta. Kwana ukun da za ku yi, Kalica ta zuba wa Inna shayi.