Rahoto Ɗaya a Kundin Ɗalibai Biyu

Har yau wata ranar Talata ba ta fita raina ba, lokacin ina malamin ɗaliban jinya 'yan aji uku a Zuru. A shekarar aka karɓe mana littafin takarda, aka ce kowane ɗalibi ya buɗe kundin aikinsa a intanet. Duk marar lafiyar da ya kula da shi, zai rubuta abin da ya gani da abin da ya yi, ya ɗora. Na'ura tana ajiye ranar da aka ɗora. Mu kuma mu karanta mu ba da maki, kuma makin ke yanke ko ɗalibi ya zauna jarrabawar ƙarshe ko ya maimaita shekara.

Da safe na buɗe kundin Rifkatu, 'yar garin nan, na karanta rahoto mai kyau a kan wata tsohuwa da aka kawo daga wajen Mahuta da ciwon ciki. Can gaba na buɗe na Hadiza, 'yar Argungu, sai ga rahoton nan dai, kalma da kalma. Na Rifkatu ya shiga Juma'a, na Hadiza sai Litinin. Ga shi kuma tsohuwar ba ta jin wani yare sai C'lela, yaren mutanen Zuru, Hadiza kuwa ko gaisuwa ba ta iya da shi ba.

Na kai wa shugabar sashe. Ta duba ranakun, ta ce, "Malam Dauda, ai magana ta ƙare. Rubuta wa kwamitin ladabtarwa."

Na fara kiran Hadiza. "Ya aka yi kika ɗauki bayanin matar da ba kya jin yarenta?"

"Mama Laraba mai shara ce ta yi mini tafinta, Malam."

"To me ya makarar da naki?"

"Wayata ta lalace. A kwamfutar Rifkatu na rubuta, sai Litinin na samu na ɗora."

Ban yarda ba. Duk ɗalibin da aka kama, wayarsa ce ke lalacewa.

Ina cikin rubuta takardar kwamiti, ina jera layukan da suka zo ɗaya, idona ya tsaya a kan kalma guda: yadda tsohuwar ta kira ciwonta da C'lela. An rubuta ta a karkace, yadda baƙon kunne ke jin ta, har an manna ta da kalmar da ke bin ta. Yarena ne. Yaren Rifkatu ne kuma, da shi take karatu a coci. Hannunta ba zai yi wannan kuskure ba, amma ga shi zaune a kundinta.

Na gangara ɗakin mata marasa lafiya na sami Mama Laraba. "Mama, wace ɗaliba kika yi wa tafinta wajen tsohuwar Mahuta?"

"Doguwar nan mai hijabi. Ta ishe ni da tambaya har na makara da shara."

"Rifkatu fa?"

"A makon da tsohuwar ta zo, ko sau ɗaya ban sa ta a ido ba."

Na kira Rifkatu, na faɗi kalmar, na ce ta rubuta mini a takarda. Ta rubuta daidai. Na juya mata fuskar kwamfuta. Ta duba, ta ce, "Malam, kwana huɗu ban shiga ɗakin ba, kuma kundina babu komai. Na tsorata."

Kwamiti ya sa ta maimaita zangon. Ni kuma na ba Hadiza haƙuri a gaban shugabar sashe. Ta ce ba komai, amma har ta gama makaranta ba ta ƙara sakin jiki da ni ba.

Ku da kuke duba kundaye yanzu, ku sani na'ura wanda ya riga ɗorawa kawai ta sani, ba ta san wanda ya tsaya a bakin gado ba. Ni kuma na yi saurin yarda da na'urar ne don wadda ta nuna da laifi baƙuwa ce, ɗayar kuma tamu. Tun daga nan, duk rahoton da ya burge ni, sai na taka zuwa ɗakin marasa lafiya na yi tambaya kafin in ba da maki, ko da ɗan unguwarmu ne ya rubuta.