Ɗaya Gefen Motar Yaya Sule

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka raka yayana Sule makwancinsa. Waɗanda suka san unguwar Kpakungu a farkon kafa jiharmu za su tuna shi, siririn mai fentin nan da ke zane a jikin manyan motocin katako.

Sauran masu fenti zaki suke zanawa ko gaggafa. Shi kuwa tatsuniya ɗaya ya riƙe, ya raba ta biyu. A gefen hagu na mota, tururuwa tana shirin nutsewa a rafi, kurciya ta jefa mata ganye. A gefen dama, tururuwar ta gantsara wa maharbin da ya auna kurciyar cizo a ƙafa, kurciya ta tsira. Direbobi har tsiya suke masa, wai wa ke da lokacin zagaya mota don ya ga ƙarshen labari? Sai ya ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, amma ba a ganinsa da sakayyarsa daga wuri ɗaya.

Haka kuma ya rayu. Direban da motarsa ta mutu, a shagon Sule yake kwana, tuwonsa yake ci. Da warin fenti ya sa masa tarin da ya kwantar da shi, ko mai leƙe babu. Ni kaɗai nake jinya in na taso daga makarantar da nake koyarwa a Tunga. Wata rana takaici ya ishe ni.

"Yaya, to ina tururuwar taka?"

"Binta, gefe ɗaya kike tsaye," in ji shi.

Bai daɗe ba ya cika.

Yau motocin katako sun yi ƙaranci, kowa ta kansa yake yi. Nakan tambayi kaina, da zai dawo, zai sake zana kurciyar nan? Wallahi zai zana, taurin kansa na san shi.

Kwanan baya na tarar da ɗaya daga cikin motocin da ya yi wa zane a bayan wani gareji, ba taya, an jingine ta da katanga. Kurciyar tana nan, ta koɗe, ganyen yana bakinta. Na zagaya in ga ɗaya gefen, sai na tarar ya manne da bango, ko hannu ba ya shiga.

Har yau ina jin haushin direbobin nan da suka ƙi leƙo shi, ba zan ɓoye ba. Shi dai ganyensa ya jefa. Allah Ya nuna masa gefen da ni ban gani ba.