Gwiwar Baba Haruna

Har yau ranar nan ba ta bar raina ba, ranar da gwiwar Baba Haruna ta ƙi shi a tsakiyar gangare. Tunda ku sababbi ne, kuma na ga yadda kuke ta ɗaukar hoto da jar rigar nan tun ba ku san inda akwatin agaji yake ba, ku zauna in ba ku labarin.

Ga 'yan'uwa na gida da za su ji wannan daga baya, bari in bayyana wurin. A can bayan Giza, a ƙasar Masar, akwai wani makeken kanti, a cikinsa aka gina tudu aka lulluɓe shi da ƙanƙarar da inji ke yi. Mutane na biya su shiga, su ɗaura alluna biyu a ƙafa su zamo daga sama zuwa ƙasa. Mu masu jar riga aikinmu tsaro ne da ceto. Mu ke duba gangaren kafin a buɗe, mu ke tsawata wa masu ganganci, mu ke sauko da wanda ya karye.

Karatu ya kawo ni Alƙahira daga Gusau. Da na samu aikin nan, abokaina ɗalibai na unguwar Darrasa suka sa mini suna Habibu ɗan Turai. Su suna can suna narkewa a ɗaki ba ko fanka ta kirki, ni kuwa a cewarsu ana biyana in sha sanyi in yi wasa. Ni ma haka na ɗauka. Na aika wa mahaifiyata hoto, ta zagaya da shi unguwa kaf. Ba wanda ya gaya mini cewa zan yi awa takwas ban ga rana ba, ko cewa tari zai zauna mini a ƙirji kamar ɗan haya, ko cewa yawancin aikin tsayuwa ce wuri ɗaya kana kallon 'ya'yan masu kuɗi suna faɗuwa suna zaginka. Ka fito yatsunka ba sa lanƙwasuwa, ka faɗa cikin zafin titi da cunkoson mota, kanka ya yi ta sarawa har gida.

Baba Haruna ne ya koya mini komai. Bahaushen Sudan ne, yana zaune a unguwar Arba wa Nus, ya ba hamsin baya. Da shara ya fara tun buɗe wurin, ya yi ta kallon Turawan da aka kawo su horar da ma'aikata har ya iya zamiya, har ya zama babba a cikinmu. Misirawa na ce masa Ammu Harun, wato Baffa Haruna. Ni Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗana. Ranar da na fara hawa allunan na faɗi ya fi sau goma, ya tsaya a kaina yana dariya ya ce, "Tashi, ɗan Gusau. Buhun gero ma ya fi ka sanin inda zai dosa."

To, ga ƙa'idar da nake so ku riƙe. Bibbiyu muke aiki. Kowace safiya akwai takardar da za ka sa wa hannu, ba don kanka ba, don abokin aikinka, cewa ka dube shi lafiyarsa lau, zai iya sauko da majinyaci. Idan ka rubuta cewa yana da rauni, a sauke shi daga gangare a kai shi kantar ba da takalma, a zaune, har ya warke ko har ya yi ritaya. Idan kuwa aka ɓoye har abu ya faru, sallama ce.

Tun farkon bazarar shekarar na lura Baba na ɗingishi. Gwiwar hagu ce. In za mu hau matakala sai ya kama ƙarfe, ya ɗora ƙafar dama, ya jawo ta hagu. Wani lokaci ya tsaya a gabana yana murza ta, yana cije leɓe. Ni kuwa sai in kawar da kai, in karɓi allunansa in riƙe masa, in je in sa hannu. Ta yaya zan rubuta cewa mutumin da ya kai sa'ar mahaifina ya gaza? A gidanmu ba a yi mini wannan tarbiyya ba. Na ɗauka rufa masa asiri nake yi, har ina jin daɗin kaina.

Wata Juma'a ce a watan Agusta, bayan an sauko daga masallaci, wurin ya cika maƙil. Aka kira mu ta rediyo cewa wata mata ta faɗi a can sama. Muka tarar idon sawunta ya karye, mijinta na tsaye a kanta yana ta faɗa da kowa. Muka ɗaure ƙafar, muka kwantar da ita a gadon ceto. Amalanke muke ce masa, ko da yake ba shi da taya. Mutum biyu ke sauko da shi. Na gaba yana shiga tsakanin hannuwa biyu na ƙarfe, shi ke tuƙi, kuma duk nauyin a gwiwarsa yake sauka. Na baya yana riƙe da igiya, shi ne birki.

Baba ya shiga gaba, kamar kullum, don babba ke shiga gaba.

Na ce, "Baba."

Ya juyo ya dube ni. "Na'am?"

Ya daɗe yana kallona. Maganar tana bakina, kalma uku ce kawai, "ba ni gaba." Na ce, "Ba komai."

Ya ce, "Yalla, mu tafi."

Rabin farko lafiya. Da muka iso kwanar da gangaren ya fi tsauri, inda wani ginshiƙi yake tsaye, sai na ga ƙafarsa ta hagu ta lanƙwashe kawai. Bai yi ƙara ba. Ya kife, hannuwan ƙarfen suka kuɓuce masa, amalanken ya bi ta kan allonsa ya juya a karkace ya nufi ginshiƙin, da matar a ɗaure a ciki ba ta iya ko ɗaga hannu. Na naɗe igiyar a wuyan hannuna, na kafa gefen allunana a ƙanƙara, na kwanta baya. Ya ja ni ya ja ni, sannan ya tsaya. Tsakanin kan matar da ginshiƙin bai fi kamu ɗaya ba. Ga tabon igiyar nan, ku duba, har yau bai ɓace ba.

Wasu abokan aiki suka ƙarasa da matar. Baba kuwa a amalanke na biyu aka sauko da shi, a gaban jama'a, ya rufe fuskarsa da hula.

Washegari shugabanmu, Kabtin Magdi, ya kira mu ofis. Ba mugun mutum ba ne, amma ba ya wasa da takarda. Ya kunna mana hoton kyamara. Ba na ranar ya fara nunawa ba. Safiyoyi ya nuna, ɗaya bayan ɗaya, Baba na jan ƙafa a matakala, ni ina bayansa rungume da allunansa. Sannan ya baje takardun a tebur, kowacce da sa hannuna.

Ya ce, "Ya Habib, ka sani ko ba ka sani ba?"

Kafin in buɗe baki Baba ya ce, "Bai sani ba, ya Kabtin. Ya tambaye ni, na rantse masa ba komai."

Ban taɓa tambayarsa ba. Kabtin ma ya san haka. Ya dube mu ya dube mu, ya ce, "Khalas, magana ta ƙare." Aka sallami Baba, aka karɓi jar rigarsa a nan take. Ni aka ba ni takardar gargaɗi, aka tura ni kantar takalma na mako biyu. Na zauna a kan kujerar da ya kamata a ce Baba ne a kai, ina miƙa wa mutane takalma.

Sai da na yi wata guda kafin na iya zuwa Arba wa Nus. A hawa na uku yake, kuma matarsa, Inna Hawwa, ta ce mini tun da ya dawo bai fi sau huɗu ya sauka ba. Na same shi a kan katifa, ƙafar a miƙe, zafi kamar gidan burodi. A bango ga hotonsa da jar riga, yana murmushi a kan ƙanƙara. Inna Hawwa ta kawo shayi ta fita.

Na ce, "Baba, ka yafe mini. Ni na ɗauka rufa maka asiri nake yi."

Ya ce, "Na sani, ɗana. Ma'alish, ba komai."

Ya juya kofin shayinsa, ya ce, "Kana tsammani ban san ƙa'ida ba? Ina nan aka rubuta ta. Kullum in na kwanta sai in ce gobe zan je in gaya wa Kabtin a kai ni wurin takalma. In gari ya waye na sa rigar nan, sai in kasa. Daga tsintsiya na kai gare ta. Da bakina ba zan iya cewa a cire mini ita ba."

Na ce, "To ai da ka gaya mini."

"Na gaya maka. Kullum a gabanka nake tsayawa in murza gwiwar. Me ya sa ba na yi a gaban Misirawa? Kai nake jira ka rubuta. Da na yi maka fushi na kwana biyu, in ce yaron da na koya wa aiki ya ci amanata, kowa ya ba ni haƙuri, in tafi kantar takalma da mutuncina. Ranar nan ma da ka kira ni, na ce alhamdulillahi, yau zai faɗa."

Na sha shayin nan ban san ɗanɗanonsa ba. Da zan tafi ya ce in gaida ƙanƙara, ya yi 'yar dariya, ya juya fuskarsa bango.

Bai sake samun aiki ba. Inna Hawwa ce ke zuwa Mohandessin, unguwar masu kuɗi, aikin gida, da shi suke ci.

Aikin nan da ake yi mana hassada a kansa yana cin gwiwa, yana cin ƙirji, kuma rigar tana shiga ran mutum har ya kasa cire ta da kansa. Shi ya sa ba a ce ka sa wa kanka hannu ba, aka ce abokinka ya sa maka. Tun daga lokacin mutum uku na rubuta wa rauni. Biyu daga cikinsu har yau ba sa amsa gaisuwata, amma kullum ina ganinsu a kantar takalma, suna aiki, suna ciyar da iyali.

Ni ma yanzu gwiwata ta dama ta fara yi mini magana in zan hau matakala. Ranar da ɗayanku ya ga na tsaya a gabansa ina murza ta, kada ya karɓar mini alluna. Ya ɗauki biro.