Tayoyin da Na Sayar wa Usmanu

Ni mai faci ne, haifaffen unguwar da ake kira Kilomita Biyar, kuma kafin in lalace ba a taɓa jin kaina da kowa ba. Sunana ba zai amfane ku da komai ba, ku samari, don haka na riƙe abina. Ku dai ji abin da hannuna ya aikata.

Na koyi sana'a a wurin Baba Isiyaku, wani dattijo mai rumfa a bakin titi ta wajen unguwar Kokoro. Shekara bakwai na yi a gabansa. Mutum ne mai tsauri, ba ya wasa da aiki. In aka kawo taya ko kallonta ba ya yi sosai, sai ya durƙusa ya bi zanenta da babban yatsa, ya gaya maka sauran kwananta. Wadda ta suɗe kuwa, sai ya sa wuƙa ya tsarge gefenta, ya jefa wa masu yin takalmi. Haushi yakan kama ni. Na taɓa ce masa, "Baba, ai wannan za ta ƙara wata biyu." Ya ce, "A motar wa? Taka?" 

Wani direban tasi ne ya buɗe mini ido, Allah ya isa tsakanina da ranar. Ya nuna mini yadda ake gasa ƙarfe a wuta, a bi sawun tsohon zane a sassaƙa sabo, a goge da man takalmi. In ka gama, wallahi sai ka rantse daga kanti ta fito. Abin da ba a gani shi ne ɗan naman da ya rage wa tayar ka yanke shi, saura kaɗan ka taɓa wayar ciki. A cikin gari za ta lallaɓa. Amma a ɗora mata kaya, ta hau doguwar hanya, ta yi zafi, sai dai a ji kamar an harba bindiga.

Na fara da guda ɗaya, ina ɓoyewa a bayan rumfa kafin wuƙar Baba ta iso kanta. Ɗaya ta zama uku. Ranar da ya kama ni bai zage ni ba, kuma da ma zagina ya yi. Ya juya tayar, ya shafa, ya ce in kwashe kayana. Ina fita ina cika baki, wai tsoho ya rufe wa kansa ƙofar arziki zai rufe mini tawa. Na kama shago a hanyar unguwar Miskine. Na yi babur, na yi agogo, 'yan mata suka san sunana. Direbobi na dawowa da ƙorafi, ni kuwa in ce ramukan titi ne, su je su yi faɗa da gwamnati.

Sai gari ya rikice. Kun san shekarar, wasunku a goye aka gudu da su. Unguwa ta zama kamar tukunya an rufe murfi, wanda ya tsallake titi zuwa wata unguwa ba lalle ya dawo ba. Mutane suka fara ficewa a manyan motoci, ayari guda, sojoji gaba da baya, zuwa iyakar Kamaru. Dokar ayarin ɗaya ce, kowa ya san ta: ba a tsayawa. Motarka ta mutu, ta bayanka za ta kauce ta wuce, kai da masu adduna da ke cikin daji sai abin da Allah ya yi. A lokacin taya ta fi gida daraja. Mutum zai bar maka ɗaki da gado, ya tafi da taya biyu yana godiya. Jama'a na kuka, ni ina hura wuta ina gasa ƙarfe. Tir da ni.

Usmanu maƙwabcina ne, direban babbar mota. Tare muka taso, yaren Sango na ƙasarmu ya fi Hausa zama a bakinsa. Ana gobe ayari zai tashi ya zo shagona da rana tsaka, gumi na zuba. Ya ce, "Ita," wato ɗan'uwa, "biyu nake so, kuma gaba zan sa su. Mata da yara zan ɗauka. Kada ka cuce ni." Na mirgino masa biyu daga cikin sassaƙena. Ya ce in rantse. Na rantse. A ƙuryar shagon, ƙarƙashin buhuna, akwai sababbi fil guda biyu daidai motarsa, na ajiye wa wani attajiri da ya yi mini alkawarin farashi mai tsoka.

Da safe na je kallon tashin ayari, har da ɗaga wa mutane hannu. An lafta wa motar Usmanu katifu da tukwane da buhuna, mutane a can sama kamar kaji a kan akurki. Sai ga Baba Isiyaku da sandarsa, ya zo yin sallama da Usmanu. Hali ba ya barin mutum: yana magana hannunsa ya kai kan tayar gaba. Na ga yatsan ya bi zane, ya tsaya. Ya ɗago, ya laluba taron da ido har ya same ni. Ya yafuto ni.

A hankali ya ce, "Aikinka ne?"

Na ce, "Baba, sababbi ne."

Ya ce, "Hannunka ya faɗa. Kana da wasu?"

Shagona bai fi tafiyar minti biyar ba. Da na ruga, da an canja kafin sojoji su busa usur. Na dubi tsohon nan cikin ido na ce, "Babu, Baba. Ko ɗaya." Ya gaya wa Usmanu a mayar da su baya, a kawo na baya gaba, amma ina! An fara tada motoci, soja na dukan ƙofa da gindin bindiga. Baba ya juya ya shige cikin taro. Can sai ga shi da tsohuwar jakarsa ta kayan aiki, aka miƙo hannu aka jawo shi saman motar Usmanu. Bai ƙara kallona ba.

Kwana uku labari ya iso unguwa. Tayar gaba ta fashe bayan an wuce garin Boali, motar ta tsaya a gefen hanya, ayari ya wuce. Kaɗan ne suka tsira ta cikin daji, Baba ba ya cikinsu. Aka yi sallar gawa ba gawa, na tsaya a sahu na biyu. Attajirin ya zo ya ɗauki tayoyinsa a makon.

Kuna tsammanin a kan wannan aka ɗaure ni? Ko kusa. Bayan ƙura ta lafa, 'yan sandan jandarma suka same ni da tayoyi huɗu da aka kwance daga motar wani babban mutum, ɓarayi suka kawo mini na saya. Nan da nan aka yi shari'a, shekara biyu. Robar babban mutum ta sami alƙali, mutanen motar Usmanu ko a takarda ba a rubuta su ba. A gidan yari na ci duka, na ci rogo da ruwa, ƙazuwa ta cinye mini jiki. Duk ban ji zafinsu kamar yadda nake jin kalmar nan "babu" da na furta ba.

Da aka sake ni na ji Usmanu ya dawo, yana sayar da fetur a kwalba a bakin kasuwa, don hannunsa na dama ba ya riƙe sitiyari kuma. Sati biyu ina zagaye wurin kafin in iya tsayawa. Na durƙusa na faɗa masa komai, har da biyun da ke ƙarƙashin buhu. Na ce ya yafe mini.

Ya daɗe yana zuba mai a kwalba. Sannan ya ce, "Nawa na bar ka da Allah. Amma ka san tsohon nan ba a motata aka rubuta shi ba? Wurinsa na motar farko, kusa da sojoji, tare da 'yarsa da jikokinsa. Su sun isa lafiya. Ya ba wata mata wurinsa ya dawo tawa. Na tambaye shi dalili, ya ce tayar ba za ta kai ba, kuma duk motar ba wanda ya fi shi saurin canji. Yana kwance a ƙarƙashi yana ɗaga jak masu adduna suka fito."

Ban san yadda na miƙe daga wurin ba.

To, ku da ke koyon faci da kanikanci, da ku masu ɗokin riƙe sitiyari, ku ji daga bakin wanda ya ɓata. Tayar da ta ƙare ta ƙare, kada wani mai daɗin baki ya ce maka ana tashinta. In za ka saya, sa yatsa ka ji zurfin zanen, ka dubi gefenta, kada ƙyalli ya ruɗe ka, kuma kada ka yarda da rantsuwar mai sayarwa, ni ma na rantse. In kai ne mai sayarwa, ka sani ba ka zaɓen wanda zai hau. Cutar da ka ɗaura wa mota za ta tafi inda ƙafarka ba ta zuwa, ta faɗa kan wanda ba ka zata ba.

Na tuba, ina kan roƙon Allah gafara, safe da yamma. Amma mutumin da ya kamata in kama ƙafarsa in yi kuka, har yau ba wanda ya iya nuna mini kabarinsa.