Rabin Ƙwayar da Kaka ta Ba Sanusi

Wata Laraba ce a tsakiyar daminar shekarar da na shiga aji huɗu. Ina tsakar gidanmu a Gwashi ina gyaran rama, awaki na ta kai wa faifan hari, sai Inna ta ɗaga labule ta ce in zo in duba mata idon Sanusi, ko nata idon ne ke yi mata gizo. Ƙanena ne, bai isa shiga makaranta ba. Na same shi kwance a tabarma, farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa, leɓensa fari fat, fitsarin da ya yi kuwa kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Yaron da ko gaɗa muke yi sai ya kutsa tsakiyarmu ya ɓata, ga shi ya kasa ɗaga kai.

A gidanmu Baba ke karantar da allo, amma likitar gida Kaka ce, mahaifiyarsa. Tana da tsohon gwangwani a ƙarƙashin gado, kuma duk wanda ya warke ya bar ragowar magani, can za ta adana shi, don a ganinta zubar da magani almubazzaranci ne. Babba ƙwaya guda, yaro rabi, da haƙori take rabawa. Har matan ruga da ke kawo mana nono sukan tsaya ta ba su. Ni ce na fara zazzaɓi a wannan daminar, aka sayo mini wata farar ƙwaya, na warke sumul na koma kai abinci gona. Da zazzaɓin ya faɗo kan Sanusi, sai Kaka ta ɓantara masa rabin ragowar tawa. "Ciki guda kunka fito," in ji ta, "abin da ya tashe ki shi ka tashe shi."

Maƙwabta suka ce ciwon shawara ne, aka jiƙa saiwoyi, jiki sai ƙara lalacewa yake. Baba ya sallami ɗalibai, ya goya Sanusi a babur, ya bi hanyar Bukkuyum cikin taɓo. A asibiti aka ƙara masa jini, aka ce kada a sake ba shi wannan ƙwayar. Ya tashi, har ya dawo ya ci gaba da ɓata mana gaɗa. Kaka ce ba ta koma daidai ba. Ta juye gwangwanin a masai, kuma ko ciwon kai aka kawo mata sai ta ɓoye hannu a bayan zane ta ce, "Hannun nan ya ɓaci, ku tai wani wuri." Ta daina ba Sanusi ko fura da hannunta, sai ta miƙa wa Inna.

Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, don ban iya barin tambaya ba tun ina ƙarama. Ƙwaya ɗaya, uwa ɗaya, uba ɗaya, me ya sa ta warkar da ni ta kusa kashe shi? Tambayar nan ce ta kai ni jami'a, ta zaunar da ni a ɗakin bincike ina nazarin yadda jiki ke sarrafa magani. A can na gane cewa akwai waɗanda ake haifa da ƙarancin wani sinadari mai kare ƙwayoyin jini, galibi maza, kuma wasu magunguna na farfasa musu jini. Na sa aka gwada Sanusi, aka tarar yana cikinsu.

Yau masu bincike a ƙasashen da ban taɓa takawa ba suna kafa hujja da rubuce-rubucena, ɗalibaina suna koya wa ma'aikatan lafiya su yi tambaya kafin su ba da magani, kuma ba na jin kunyar cewa aikin ya yi amfani. Sanusi magidanci ne, da shanunsa da 'ya'yansa. Sai dai Kaka ta rasu ina sakandare, tana ganin hannunta ne ya kusa kashe jikanta. Ita kaɗai nake son in zaunar in yi wa bayani, ga shi amsar ta zo ba ta nan.